Yarona ba ya cika wata guda bai kwanta ba: garkuwar jikinsa ce ta yi rauni?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana yana da shekara biyu da rabi. Tun da na sa shi makarantar raino wata bakwai da suka wuce ba mu huta ba: yau mura da tari, gobe zazzaɓi, sau biyu ya yi gudawa. Na ƙirga, ya kwanta sau shida. In jikinsa ya yi zafi nakan ba shi ragowar antibayotik ɗin da aka taɓa rubuta masa, bayan kwana biyu ko uku sai ya warware. Yana ci, yana wasa, nauyinsa yana ƙaruwa. Allurar ƙyanda ta biyu ce kawai ba a yi masa ba, don ranar yana mura. Garkuwar jikinsa ce ba ta da ƙarfi? In cire shi daga makarantar? Ga ƙanwarsa jaririya 'yar sati biyar, hidima ta yi mini yawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya. Allah ya ba shi lafiya, ya raya miki su baki ɗaya.

Bari in fara sauke miki abin da ya fi danne miki zuciya. Daga bayanin da kika yi, ban ga alamar matsala a garkuwar jikin yaronki ba. Ƙaramin yaro lafiyayye yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, wanda kuma yake wuni cikin tarin yara yana iya kaiwa sau 10 ko 12, musamman a shekararsa ta farko a cikinsu. Ki yi lissafi da kanki. Mura guda tana ɗaukar kwana 7 zuwa 10, tarin da take bari a baya kuwa yakan ja sati biyu, wani lokaci uku. In kika ninka wannan sau goma, za ki ga yaro zai iya shafe wata huɗu ko biyar a shekara hancinsa na zuba ko yana tari, alhali lafiyarsa ƙalau. Abin da uwa take gani kamar ciwo ɗaya ne ya ƙi tafiya, sau da yawa ciwo uku ne suka yi layi, wannan na fita wancan na shiga.

Dalilin yana da sauƙin ganewa. Ƙwayoyin bairas da ke jawo mura sun haura iri 200, kuma dangin da ake kira rainobairas kaɗai ya fi iri 100. Jiki ba ya sanin ƙwayar cuta sai ya haɗu da ita, ko dai ta hanyar kamuwa ko ta hanyar rigakafi, kuma sanin wannan iri ba ya hana wancan shiga. Ke da kika shekara ashirin ko talatin kina haɗuwa da su, jikinki ya haddace da yawa daga ciki. Shi kuwa yanzu ya ɗauki allo. A watanni ukun ƙarshe na ciki kin ba shi aron sinadaran kariya ta mabiyiya, suka riƙe shi na ɗan lokaci, suka yi ta raguwa har zuwa wajen wata shida. Wannan ne ma ya sa haƙori ya sha baƙin jini a duk duniya: lokacin da haƙori ke fitowa ya zo daidai da lokacin da aron nan ke ƙarewa, yaro kuma ya fara rarrafe yana kai komai baki. Fitar haƙori tana sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo gudawa. Duk yaron da aka ce "haƙori ne" aka zauna, an ɗora wa haƙori laifin wani.

Yaron da garkuwarsa take da matsala da gaske, labarinsa daban ne da na ɗanki. Ba ya ƙara nauyi, ko ma yana ramewa. Cututtukan da ke kama shi masu zurfi ne: ciwon huhu sau biyu ko fiye a shekara guda, kunne yana ruwa a kai a kai, maruru masu zurfi suna ta dawowa, fararen ƙuraje a baki da suka ƙi tafiya bayan yaron ya wuce shekara ɗaya, ciwon da ba ya jin magani sai an kwantar da shi an yi ta jijiya. Akan kuma tambayi ko akwai yaran da suka rasu da ƙuruciya a dangi ba a san dalili ba. Sai abubuwa uku da kullum nake bincika: tamowa, sikila, da cutar HIV. Yaron da ke ci, yake wasa, yake girma, yake warwarewa sarai tsakanin wannan mura da waccan, ba ya cikin wannan sahu. Maganin "ƙara ƙarfin garkuwa" da ake tallatawa kuwa, ki bar kuɗinki a jaka.

To amma kada ki ji na ce babu komai ki miƙe ƙafa. A cikin zazzaɓi goma da zai yi, tara za su wuce da kansu. Aikinki shi ne ki gane na goman, kuma a nan ne yawancin iyaye suke kallon inda bai kamata ba.

Suna kallon ma'aunin zafin jiki. Zazzaɓi a wurinmu shi ne zafin da ya kai digiri 38 ko ya wuce, kuma shi kansa ba cuta ba ne. Jiki ne ya ƙara wuta da gangan, don yawancin ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin yaɗuwa cikin zafi, dakarun jini kuma sun fi kuzari a lokacin. Yawan lambar ba ya nuna girman ciwon. Sau nawa aka kawo mini yaro jikinsa 39.5, yana zaune a cinyar uwarsa yana fizgar abin da nake sauraren ƙirji da shi, yana neman ya kai baki. Wannan ba ya tayar mini da hankali. Wanda ke sa in ture kujera in miƙe shi ne wanda jikinsa 38 ne kawai, amma ya yi laƙwas, ba ya bin kowa da ido, na taɓa shi bai ma damu ya yi kuka ba. Saboda haka in kin ba shi farasitamol, ki ba shi don ya ji daɗin jikinsa ya sha ruwa, sannan ki dube shi bayan minti 45. In ya tashi yana neman abin wasansa, hankalinki ya ɗan kwanta. In zafin ya sauka amma shi yana nan a kwance kamar tsumma, ku tafi asibiti.

Ana auna farasitamol da nauyin yaro: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, duk bayan awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau huɗu a awa 24. Yaro mai kilo 12 zai sha har miligiram 180, wato mililita 7.5 in kwalbar mai miligiram 120 ce a cikin mililita 5. Ki riƙa karanta jikin kwalba, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kada ki ba yaro asfirin: yana iya jawo wata mummunar lalura ta hanta da ƙwaƙwalwa, wadda wani likita a Ostireliya mai suna Douglas Reye ya bayyana a 1963, musamman in yaron yana fama da ƙarambau ko mura mai tsanani. Kada kuma ki sheƙa masa ruwan sanyi, sai ya kama makyarkyata, jiki ya ƙara hura wutar. Rage masa kaya ya isa.

Abin da nake so ki koya yau, ki riƙe shi fiye da duk abin da zan faɗa, shi ne ƙirga numfashi. Ni ma sai da na kusa yin kuskure kafin ya zauna mini. Farkon fara aikina, wani dare aka kawo wani yaro ɗan wata goma sha huɗu, kwana uku yana tari. Jikinsa da ɗan ɗumi kawai. Yana ta tsala kuka, na ɗora abin sauraro a ƙirjinsa ban ji komai ba sai kukan. Na ja takarda ina rubuta farasitamol, zuciyata ta riga ta sallame su. Sai wata dattijuwar nas da ke gefe tana naɗe bandeji ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Likita, kin ƙirga numfashinsa kuwa?" Ta sa uwar ta ba shi nono har ya yi shiru, ta ɗage masa riga a hankali, ta miƙo mini agogonta. Na ƙirga 62 a minti guda. Ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, kamar ana danna shi da yatsa. Ciwon huhu ne, kuma a daren muka kwantar da shi. Tun daga ranar ban ƙara sallamar yaro mai tari ba sai na ga ƙirjinsa da idona.

Ga yadda ake yi. Ki jira ya natsu, ko ma yana barci, don kuka da tsoro suna ƙara saurin numfashi. Ki ɗage rigarsa, ki sa agogon waya, ki ƙirga tashin ciki ko ƙirji na cikakken minti guda. Tashi da sauka, ɗaya ke nan. Kada ki ƙirga rabin minti ki ninka, don numfashin yara ba ya tafiya a jere. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri, daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye, daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Ga ɗanki ke nan, lambar da za ki riƙe 40 ce. In ya kai ta yana tari, a ga likita a ranar. In ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko yana gurnani a ƙarshen kowane numfashi, ko kafafen hancinsa suna buɗewa suna rufewa, ko leɓensa ya canza launi, to babu jiran gari ya waye. Ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a 2019, kuma sau da yawa da "tari ne kawai" ake farawa. Ki gwada ƙirgawar nan yau da dare yana lafiya, don ki san yadda numfashinsa yake a ranar da ba komai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan numfashi, akwai alamu huɗu da ake koya wa duk ma'aikacin lafiyar da ke ganin yara, kuma ban ga dalilin da zai hana uwa ta san su ba: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi nauyin barci ana tashinsa da ƙyar. Kowace ɗaya a cikinsu ta isa. Ki ƙara da sanƙarewar wuya, da ƙurajen da ba sa ɓacewa in an danna su. Ana gwadawa da kofin gilashi: ki danna gefensa a kan ƙurjin ki leƙa ta ciki. Ƙurajen bairas sukan dusashe, na sanƙarau mai shiga jini kuwa suna nan daram kamar ɗigon jini a ƙarƙashin fata. A fata mai duhu suna wuyar gani, sai a duba tafin hannu, tafin ƙafa, da cikin fatar ido.

Jijjigar zazzaɓi takan faru ga yara 2 zuwa 5 cikin 100, tsakanin wata 6 da shekara 5. Ganinta yana da firgitarwa, amma yawanci takan tsaya cikin 'yan mintuna ba ta bar illa ba. A kwantar da yaro ta gefensa, a kawar da abin da zai buge, a duba agogo. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai, don abin da aka ɗura huhu yake wucewa. In ta kai minti biyar ba ta tsaya ba a ruga da shi, in ma ta tsaya a kai shi a duba abin da ya jawo ta. Idan kuma kuna zaune inda ake da zazzaɓin cizon sauro, ko kun je irin wurin kwanan nan, to duk zazzaɓi a yi gwajin jini cikin awa 24, a sha magani in gwajin ya nuna, a nemi wani dalilin in bai nuna ba. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku, ko wanda ba mura ba tari ba a ga inda ya fito ba, yana buƙatar likita, kuma a irin wannan nakan sa a gwada fitsari.

Yanzu ga maganar ragowar antibayotik, kuma a nan zan ɗan ja miki kunne, ki yi haƙuri. Ki zubar da kwalbar nan. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairas ko kaɗan, kuma mura da mafi yawan tari da gudawar yara aikin bairas ne. Kin ce bayan kwana biyu ko uku sai ya warware. Ai zazzaɓin mura dama kwana biyu zuwa uku yake yi ya sauka, an sha magani ko ba a sha ba. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, maganin ya karɓi yabon aikin da jikin yaron ya yi. Majinar da ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore ma ba hujja ba ce: launin daga dakarun jinin da ke yaƙi a hanci yake fitowa, kuma haka mura takan yi bayan 'yan kwanaki.

Illar kuwa ta fi ɗaya. Maganin ruwa irin amoksisilin, da zarar an haɗa garin da ruwa, sati ɗaya zuwa biyu ne ƙarfinsa, bayan nan ba ki san abin da kike ba shi ba. Adadin da aka rubuta masa wancan lokacin na nauyinsa ne na wancan lokacin. Yana kashe bakteriya masu amfani da ke cikin hanji, har ya jawo gudawa da kansa, kuma ba zan yi mamaki ba in ɗaya daga cikin gudawa biyun da kika ambata daga nan ta fito. In kuma wata rana ciwon na gaske ne, irin sanƙarau ko ciwon mafitsara, ɗan abin da kika ba shi zai lulluɓe alamun ya ɓata gwaji, bai kuma warkar ba. Sannan ga babbar: bakteriyar da aka yi wa rabin duka ba ta mutu ba, ita ce take hayayyafa, jikokinta su taso ba sa jin maganin. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗin tun 1945 a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya marasa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kusan ɗaya cikin biyar kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ranar da likita ya duba ya ce ana buƙatarsa, a sha shi daidai adadi, daidai kwanakin da aka ce. Magungunan tari na kanti ma ba su da wani amfani ga yaro mai shekarunsa, wasu har suna da haɗari, musamman masu kodin. Ruwa mai yawa, ɗigon ruwan gishiri a hanci, da ƙaramin cokali na zuma kafin barci sun fi su. Zumar ga wanda ya wuce shekara ɗaya ce kawai, ba a ba jariri.

Gudawa ba ƙwayar cutar ce take kashe yaro ba, ƙarewar ruwan jiki ce. Shi ya sa maganinta na farko ruwan gishiri da sukari ne, wato ORS. Hikimar da ke cikinsa ita ce, ko hanji yana cikin ciwo, akwai wata ƙofa a bangonsa da ke shigar da gishiri in ya zo tare da sukari, ruwa kuma ya bi su. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa wannan ruwa ana ba mutane da kofi, 'yan'uwansu ne ma ke ba su. Mace-mace suka sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Ki ajiye ƙunshi biyu ko uku a gida kullum. Ki haɗa da daidai yawan ruwan da aka rubuta a jiki, galibi lita ɗaya, kada ki rage ruwan don ya "yi ƙarfi", kuma abin da ya kwana awa 24 a zubar. Mai shekarun ɗanki zai sha mililita 100 zuwa 200 bayan kowace fita, kaɗan-kaɗan da cokali ko kofi. In ya yi amai ki dakata minti goma ki ci gaba a hankali. A haɗa da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya, don tana rage tsawon ciwon, tana kuma rage dawowarsa a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Kada a hana shi abinci. Kada a ba shi maganin tsayar da gudawa na manya, garin neman gira a rasa ido. In kin ga jini a bayan gidan, ko idonsa ya faɗa, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko kin ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, wannan ya wuce jinyar gida.

Allurar ƙyandar da kika ce an tsallake, ita ta fi damuna a kansa. Mura ko ɗan tari ba sa hana rigakafi, kuma in an makara ba a sake farawa daga farko, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya. Ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, tsohuwar cuta ce. Sama da shekara dubu da suka wuce Abubakar Ar-Razi ya yi rubutu yana bambanta ta da agana. Da wuya a samu cutar da ta kai ta saurin yaɗuwa: mutum ɗaya yana iya harbar 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, ƙwayar tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma yaro yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke ɗaukar abin mura ce da jan ido. Ki auna wannan da ajin da ɗanki yake wuni. Kafin a samo rigakafinta a 1963 tana kashe wajen mutum miliyan 2.6 duk shekara, kuma ko a 2023 an ƙiyasta ta kashe kimanin 107,500, mafi yawansu ƙananan yara. Allurar farko in an yi ta a wata 9 takan kama a jikin yara kusan 85 cikin 100. Ta biyun don sauran 15 ɗin ake yin ta, kuma babu mai iya duban yaro ya ce a wane ɓangare yake.

Akwai kuma abin da ya shafi tambayarki kai tsaye. A 2019 mujallar Science ta buga binciken Michael Mina da abokan aikinsa a kan yara 77 a ƙasar Holan waɗanda ba a yi wa rigakafi ba suka kamu da ƙyanda. An gwada jininsu kafin ciwon da bayansa, aka ga ƙyandar ta goge tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in sinadaran kariyar da jikinsu ya tara a kan wasu cututtuka. Wato duk haddar da yaronki yake yi yanzu da wannan mura da wancan tari, ƙyanda tana iya zuwa ta wanke allon. Kina tsoron raunin garkuwa, to ga abin da ke kawo shi da gaske.

Game da makaranta, ba na ganin dalilin lafiya da zai sa ki cire shi. In kin cire shi yanzu, zai haɗu da ƙwayoyin nan ranar da ya shiga firamare, an gudu ba a tsira ba. Shekara ta biyu takan fi ta farko sauƙi sosai. Ki dai riƙa ajiye shi a gida har ya yi awa 24 ba zazzaɓi ba tare da magani ba, in gudawa ko amai ne kuma awa 48 bayan na ƙarshe. Ki tambayi masu kula da su ko suna wanke hannu da sabulu bayan canza wa yara ƙunzugu da kafin ba su abinci, ki leƙa da idonki ki ga ko akwai sabulun.

Saura ƙanwarsa, wadda kika ambata a layin ƙarshe kamar ƙarin bayani. Ni a wurina ita ce kan maganar. Duk abin da na faɗa a sama na "ki dube shi, ki jira ki gani", bai shafe ta ba. Jaririn da bai kai wata uku ba, in zafin jikinsa ya kai 38, asibiti ake kai shi nan take, ko tsakar dare ne, ko yana shan nono lafiya lau, kuma kada a ba shi farasitamol a zauna jira. A wannan shekarun cuta tana shiga jini ta kai ƙwaƙwalwa cikin 'yan awoyi, alamunta kuma ba su da hayaniya. Wani jaririn ma ba zafi zai yi ba, sanyi jikinsa zai yi, ya sauka ƙasa da 35.5. Ki lura da rage kama nono, numfashi 60 ko fiye, gurnani, rashin motsi sai an taɓa ta, maɗigar da ta kumbura ta yi tauri, cibiyar da ta yi ja ko take fitar da mugunya. Ƙwayar da za ta ba yayanta majina ta kwana biyar, irin bairas ɗin RSV da kusan kowane yaro ke kamuwa da shi kafin ya cika shekara biyu, ita tana iya toshe mata ƙananan hanyoyin iska. Tarin shiƙa kuwa a jariri sabon haihuwa ba lallai ya zo da tarin da aka sani ba, sai dai a ga numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci, fuska ta canza.

Ba sai kin raba su ba, ba zai ma yiwu ba. In ya dawo daga makaranta a wanke masa hannu da sabulu, a canza masa riga kafin ya je wurinta. Ki koya masa ya riƙa sumbatar ƙafarta maimakon fuska, yara sukan ɗauki wannan kamar wasa. Ranar da yake mura kada su kwana kai da kai, ke ma ki wanke hannu tsakanin share masa hanci da ɗaukarta. Kada a sha taba ko a yi hayaƙi inda take. Ki ci gaba da ba ta nono zalla har wata shida, ko da ke kin kamu da murar, don sinadaran kariyar da jikinki ke haɗawa a kan wannan ƙwayar suna biyo nonon su isa gare ta. Ita ba za a yi mata allurar ƙyanda ba sai nan da watanni, saboda haka allurar yayanta ita ce katangarta kafin lokacin.

A jadawalin ƙasashe da yawa, sati shida ne lokacin allurar farko ta tarin shiƙa da mashaƙo da ciwon huhu, tare da ɗigon shan inna da na rotabairas mai jawo gudawa. Sati mai zuwa ke nan gare ta. Ki ɗauki katinsu duka biyu ki tafi da su tare, a yi mata nata, a cike masa ta ƙyandar, ko da ranar hancinsa na zuba. Ki sa a auna nauyinsa a rubuta miki, don ki san daidai farasitamol ɗin da ya kamace shi yanzu.